Ranar da Na Bar Tabarau a Gida

Masu karatu, akwai wani ɗan abu da ban taɓa gaya muku ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Ba na ganin kusa. Abin nesa kam, ko tsuntsu ne ya sauka a kan jirgin ruwa can tsakiyar teku zan gaya muku ko ya karya kumallo. Amma ku miƙo mini waya dab da hanci, sai in ga baƙaƙen sun koma tururuwar da aka watsa wa ruwan zafi. Ina da tabarau. Yana cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado tare da takardar haihuwata, don su biyun magana ɗaya suke yi, ni kuma ba na son jin ta.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Mbwana, ina zaune a Kilindoni, wani gari a tsibirin nan namu, na wuce arba'in har na daina waiwayenta. Sana'ata ɗaukar baƙi hoto a cikin ruwa suna iyo kusa da potwe, kifin nan da ya kai tsawon jirgin abokina Nahoda Athumani amma ba ya cin komai sai tsakin da ke yawo a ruwa. Matata ta tafi tuntuni, ta ce ta gaji da zama da mutumin da ya fi gane fuskar kifi a kan tata. Ban yi musu ba.

Sai kuma Bi Mwanahawa, wato Malama Mwanahawa a bakin mutanenmu. Mijinta ya rasu, tana sayar da shayi da mandazi, irin fankenmu na nan, a bakin gadar jirage. Da girmanta ta koyi iyo, matan unguwa suna dariya, ita tana shan ruwan gishiri tana komawa. Shayin da na sha a rumfarta, da a teku za a juye shi da ruwan ya canza launi, amma ban taɓa buɗe baki na ce mata komai ba in ban da "ƙara sukari". Hemedi kuwa, mai sarin kwakwa daga Nyamisati, can ƙetaren ruwa a babban yanki, ya buɗe nasa. Yana da tumbi, yana da babur, yana da baki. Ni ina da kyamara.

Wata rana tana zuba mini shayi ta ce, "Bwana Mbwana, kullum Turawa kake ɗauka. Ni da aka binne cibiyata a bakin ruwan nan ba ni da hoto da potwe ko ɗaya."

A nan na ƙulla dabarata. Zan ɗauke ta hoton da ba a taɓa ɗaukar irinsa ba, in wanke shi babba, in sa a gilashi, in kai mata gida. Hoton ya yi magana, ni in tsaya a bayansa ina gyaran murya. Na san wasunku sun rubuto sun ce wannan tsoro ne aka sa wa riga. Na gani. Allah ya saka.

Yayata Dada Mwamvua ba ta yarda da dabaru ba. Ta san ba na karanta rubutu a waya, ko da yake ba mu taɓa faɗin dalili ba, don haka murya take turowa.

"Mbwana, Dadarka ce. Hemedi ya kai wa ƙannen mahaifinta buhun shinkafa. Kai me ka kai? Kofi? Ka tashi ka je ka yi magana kamar ɗan Adam."

Na biyu ya biyo baya ko numfashi ban sauke ba.

"Kuma kada ka ce mini hoto. Ubanmu bai auri uwarmu da hoto ba."

Daga nan na daina buɗe saƙonninta. Aiki ya kai ni ɗaya ɓangaren tsibiri wajen masu nutso a Utende, na yi kwanaki can, saƙonnin Dada suna taruwa kamar kwanukan wanke-wanke. Da na dawo, saƙo ɗaya kawai na buɗe, na Mwanahawa. Muryarta a ƙasa, kamar akwai mutane a ɗakin.

"Bwana Mbwana, maganar hoton nan. Gobe da safe. In ba gobe ba, a bar shi."

Na ce a raina ta san lokacin potwe ya kusa wucewa, damina na tafe. Har na yaba da hankalinta.

Da yamma na rufe ƙofa, na saki labule, na jawo gwangwani. Bari in gaya muku abin da nake yi duk jajibirin fita, don ku gane inda aka haihu a ragaya. Abu uku ke haɗa hasken hoto. Akwai ƙofar haske, wato yadda idon kyamara ke buɗewa. Ina barin ta a takwas, don na kusa da na nesa su fito tare. Akwai ƙiftawa, wato saurin rufe idon. Ina sa ta ɗari biyu da hamsin, don kifi na tafiya, igiyar ruwa na jijjiga ni, in ta yi jinkiri komai ya zama kunu. Sai na uku, yadda kyamara ke jin haske. In rana ta fito sosai ɗari biyu ya isa. Fitila kuwa ba a maganarta. An hana haska wa potwe, kuma ko ba a hana ba, a ruwanmu mai tsaki in ka kunna fitila hoton ƙura za ka kai gida.

Na saita su tsaf da tabarau a hanci, na shafa wa robar murfi mai, na kulle kyamarar a akwatinta mai gilashi kamar ƙoƙo. Sannan na tsaya da tabarau a hannu. Firam ɗinsa ruwan ƙasa ne, an ɗaure ƙafa ɗaya da zaren kamun kifi. In na sa shi, kakana nake gani a madubi ranar da ba shi da lafiya. Na mayar da shi gwangwani. Na ce ai rana ba ta ƙarya.

Da safe na sa sabuwar riga mai ruwan bula, na taje gemu, na fesa turaren da wani baƙo ya manta a jirgi. Mutumin da zai shiga ruwa ke nan.

Athumani na zuba mai a inji. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Ja jirginka."

"A'a, ina jinjina maka ne. Wallahi kana da zuciya, Mbwana. Ni da ni ne, yau zazzaɓi zan yi."

Ban tambaye shi me yake nufi ba. Athumani in ka tambaye shi abu ɗaya sai ya ba ka tarihin kakanninka.

Ta iso sanye da baƙaƙen kayan iyo masu dogon hannu, ta rufa da kanga, zanen matanmu, koriya, ta ɗaure kai da jan ɗankwali kamar yadda na ce mata da na amsa saƙonta. Ja shi ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, in ka nutsa kaɗan ya koma toka, amma in ka tsaya sama-sama yana fitowa kamar garwashi. Ƙamshin turaren wuta ya riga ta shiga jirgin. Ta zauna, ta cusa hannuwa cikin kanga.

"Bi Mwanahawa, an tashi lafiya?"

"An dai tashi."

Muka fita. Muka yi ta yawo a kan ruwa, Athumani a tsaye yana neman inda tsuntsaye ke sauka, ita tana kallon gari yana ƙanƙancewa, ni ina kallon sama. Don daga wajen babban yanki wani hadari ya taso, baƙi ƙirin, yana tafe a hankali kamar surukin da ba a gayyata ba. Kafin mu ga kifi ya cinye rana. Ruwan da ke kore ya koma kalar miyar da ta kwana.

Jama'a, saitina na rana ne. A wannan duhu, in na danna, baƙin allo zan samu da ɗan jan ɗigo a tsakiya.

"Ga shi can!" in ji Athumani. "Ku shiga, ku shiga!"

Ba lokacin tunani. Na laluba na murɗa kyamarar zuwa inda take yanke wa kanta hukunci, na ce ke da Allah. Muka faɗa.

Wanda bai taɓa barin kyamara ta nemo wa kanta fokas, wato inda hoto zai fito tar, a ruwan Kilindoni ba bai san baƙin ciki ba. Ita abin da ya fi kusa take kamawa, kuma abin da ya fi kusa tsaki ne, dubu bisa dubu. Ina jin ta a tafin hannuna tana gaba tana baya, zii, zii, kamar makaho a kasuwa. Potwe ya fito daga duhu, baki buɗe kamar ƙofar shago. Mwanahawa na gefensa tana harba ƙafa iya ƙarfinta. Ina dannawa, kyamara na shawara. Ina dannawa, tana shawara. Na shiga murɗa duk abin da yatsana ya taɓa, gaba, baya, ina zagin wanda ya ƙera ta cikin bututun numfashi. Kifin ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, duhu ya rufe shi.

Athumani ya jawo mu. Mwanahawa na tari, ta sha ruwa. Iska ta fara tashi, jirgi na tsalle.

"An samu?" in ji shi.

"Ana kan samu."

"To ka samu da wuri. Sau ɗaya zan ƙara juyawa, ba zan kai gawar mutane gida ba. Balle wannan, amanar mutane ce."

Na ɗora akwatin a cinya, na dubi allo. Lambobi na nan, na san suna nan, farare, a jere a ƙasa. Na nesanta shi iya tsawon hannuna. Na kanne ido ɗaya. Na karkata kai kamar kazar da ta ga shaho. A da ina ƙirga murɗawa da yatsa, in san inda nake ko ido rufe, amma a ruwa na rikita lissafin. Ban san ko ƙofar a buɗe take ko a rufe ba. Ban san komai ba. Hoton da na jingina rayuwata da shi yana hannuna, tabarau yana gida yana hira da takardar haihuwa.

Na dubi Athumani. Shi idonsa ya fi nawa lalacewa, kuma in na roƙe shi, zuwa la'asar duk masunta sun ji.

Na haɗiye abin da ya rage mini na girma.

"Bi Mwanahawa."

"Na'am."

"Ko za ki... akwai wasu lambobi a nan ƙasa. Gishiri ya shiga mini ido."

"Gishiri."

"Ba gishiri ba ne. Ba na gani. Ba na ganin kusa."

Na jira dariya. Ba ta yi ba.

"Bwana Mbwana, bara ka zuba gishiri a shayi ka shanye don kada a ce ba ka gani ba. Duk rumfa an sani. Kawo."

Ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa. Ta fito da hannuwanta daga kanga, ta riƙe akwatin ta gefe biyu, a nan dab da fuskata.

"Na farko ashirin da biyu."

Innalillahi. Ƙofar ta kusa rufewa ruf.

"Murɗa na gaba, hagu, har ki ga takwas."

"Sha shida... sha ɗaya... takwas."

"Na biyu fa?"

"Talatin."

"Na baya, dama, har ɗari biyu da hamsin. Sai ki danna ɗan maɓallin sama, ki ɗaga na uku daga ɗari biyu zuwa ɗari takwas. Hoton zai ɗan yi yashi-yashi, amma gara yashi da duhu."

Ta yi duka, a natse, kamar tana auna sukari. Na sa ta mayar da fokas ƙarƙashin babban yatsana, yadda kyamara ba za ta sake yi mini shawara ba. Ta gama, amma ba ta janye hannuwan ba. Ta bar su a kan akwatin, ta juya tafin sama, ta sake kifewa. Na lura sun yi duhu har wuyan hannu, da wani zane-zane kamar raga. Na ce a raina, ka ga mace mai tsari, har da abin kare rana.

"Safar hannun nan ta yi kyau," na ce. "A ina kika saya?"

Athumani ya yi wani tari kamar ya haɗiye ƙaya.

Ta dubi hannuwan, ta dube ni.

"Safar hannu," ta ce.

"Irin ta raga. Tana hana ƙuna."

"To." Ta ja numfashi. "Bwana Mbwana, ba ka da wata magana da za ka gaya mini kafin mu shiga?"

Ku ji ni da kyau. Maganar tana nan, a maƙogwaro, ta sa takalmi tana jiran a buɗe mata ƙofa. Amma na ce a'a, tsari tsari ne, hoto tukuna.

"Akwai," na ce. "Ki tsaya sama-sama don jan ya fito. Kada ki taɓa shi. Kuma kada ki kalle ni, kifin za ki kalla."

"Na ji," in ji ta. Ta ja gilashin ruwa ta rufe fuska.

Athumani ya juya jirgi.

Muka sake faɗawa. Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Ruwa maƙaryaci ne, abin da ka rantse yana kusa yana can gaba, don haka ba a saita fokas a tudu, ba a kuma yarda da ido. Na kwanta rigingine, na miƙe ƙafa, na auna bakin takalmin iyona, na danna da babban yatsa, na ji ta kama, na saki. Shi ke nan an kulle. Daga tsawon ƙafata zuwa gaba, duk abin da ya shigo nawa ne, tsaki ya yi ta yawonsa.

Muka jira. Igiyar ruwa na ɗaga mu tana saukewa.  Na yi addu'o'in da rabona da su tun makarantar allo, har da ta shiga kasuwa.

Sai ga shi. Ya taso daga ƙasa a hankali, baya mai ɗigo-ɗigo fari, ƙananan kifaye na bin inuwarsa kamar 'yan rakiya. Na zagaya na ba ɗan hasken da ya rage baya. Mwanahawa ta daina harbe-harbe. Ta miƙe jiki, ta miƙa hannu biyu gaba, ruwa ya zame mata hannun riga, ta bi gefensa kamar tare aka haife su. Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Na danna. Na danna. Na danna har ya wuce.

A hanyar dawowa ruwan sama ya sauko. Ba ta ce in nuna mata ba. A gada ta yafa kangarta jiƙe, ta ce, "Na gode. In ka wanke ka ba Dada Mwamvua, ta san inda za ta aika."

Na ce a raina, aika? Ai da ƙafata zan kawo.

Gida na nufa a guje, ban ko cire rigar bula ba. Na ɗauraye akwati da ruwan daɗi, na buɗe, na jona kati a kwamfuta, na jawo gwangwani. Hotunan shigarmu ta farko duk kunu ne, na wuce su ido rufe. Sai na zo kansa.

Jama'a, na yi shekara da shekaru a ruwa ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Kowane ɗigo na bayan kifin ana ƙirga shi. Idonsa ƙarami, tar. Jan ɗankwalin kamar an hura masa wuta. Na ƙara girman hoton ina murmushi ni kaɗai, ina bin sa kusurwa-kusurwa, har na iso hannuwanta.

Furanni ne. Ganye da rassa, ja da baƙi, daga kan yatsu, su haye tafi, su wuce wuyan hannu, su bi har gwiwar hannu inda rigar ta zame. Saboda na ce ta tsaya sama-sama, ruwa bai ci jan ba ko kaɗan. Ba safar hannu ba ce.

Ƙofa ta buɗe ba sallama. Dada Mwamvua ce, da lema tana ɗiga, ta same ni da tabarau a hanci. Ko kallon sa ba ta yi ba. Ta sunkuyo kan allon.

"Da wannan ta shiga ruwa?"

Na gyaɗa kai.

"Mbwana, jiya aka wuni ana yi mata shi. Amarya ko kwano ba ta wankewa don kada ya dushe. Ƙannen uwarta tun safe suke nemanta gida-gida. Wace mace ce za ta kai lallen aurenta cikin ruwan gishiri, in ba tana neman wanda zai ce mata kada ki tafi ba? Ta nuna maka?"

"Ta nuna."

"Me ka ce?"

"Na ce safar ta yi kyau."

Dada ta nemi bakin gado ta zauna. Ta ture gwangwanin biskit gefe da ƙafa. 

Na cire tabarau, na mayar, na sake cirewa. Hoton bai canza ba.

Jirgin Nyamisati da sassafe zai tashi, da ita a ciki, jibi a ɗaura aurenta da Hemedi. Kafin ta fita Dada ta isar da saƙon da ya kawo ta: Hemedi na tambaya ko zan ɗaukar musu hoton biki. Ya ce ya ji labari duk tsibirin nan ba wanda ya kai ni ido.